Ranar da Mahaifinka Ya Tashi Daga Teburin Donya Karmen

Hayyin Ashir, Alƙahira.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace uba mai daraja ya yi wa ɗan da ya fara hankali, ina roƙon Allah Ya kai ka ƙasar Sifaniya lafiya, Ya tsare ka daga sharrin sama da na ƙasa, Ya sanyaya maka zukatan masu duba fasfo, Ya kuma sa akwatinka ya sauka a garin da kai ka sauka. Amin.

Na san za ka yi mamakin karɓar wasiƙa daga mutumin da tsakanin ɗakinsa da naka taku shida ne. Mahaifiyarka ta riga ka mamakin. Da ta gan ni na baje takardu, sai ta ce, "Malam, yaron nan fa yana falo yana kallon ƙwallo. Ka ɗaga labule ka faɗa masa mana." Na tuna mata cewa kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. Shekara ashirin da shida ban kira sunanka na yanka ba, ban kuma taɓa zama na fuskance ka da doguwar magana ba, don haka ba zan rushe wannan gini a mako guda ba. Alƙalami kuwa ba shi da ɗan fari, yana faɗin abin da aka sa shi.

Ga abin da ya sa na ɗauke shi. Tun da juyin juya halin ƙasar nan ya kori 'yan yawon buɗe ido, shekara uku ke nan kana zaune da Turancinka da Larabcinka da Sifaniyancin da ka koya, ba ka da wanda za ka nuna wa ko dalar Fir'auna ɗaya. Yanzu Allah Ya buɗe ƙofa ta hannun Misis Margaret, Baturiyar Ingilan nan mai ƙaramin kamfanin da ke ɗauko 'yan ƙasarta daga otal-otal na bakin teku, ya kai su ƙauyukan kan tsauni su ga yadda Sifaniyawa ke rayuwa. Ta ba ka wata uku na gwaji. In ka ci, aikin naka ne. In ka faɗi, ka dawo falon nan da ƙwallonka. Abin da ba ka sani ba shi ne, wannan aikin da za a gwada ka a kai, mahaifinka aka fara yi wa tanadinsa, kuma ya ɓarar da shi da ƙafafunsa biyu.

Bisa ƙididdigata, kurakurai uku kacal na yi a rayuwa, duka a cikin mako biyu, duka a Sifaniya. Mahaifiyarka tana da nata lissafin, amma ba ita ke rubuta wasiƙar nan ba.

Kana ɗan shekara huɗu a lokacin. Ni kuma na gama karatu, ina raka Turawa masallatan tsohuwar Alƙahira ina yi musu tafinta. A nan na haɗu da Misis Margaret da mijinta Mista Harold, Allah Ya sa mu cika da imani, shi ya riga ya rasu. Mai sayar da magani ne, dogo, mai jan hanci, wanda yake neman gafarar kujera in ya yi tuntuɓe da ita. Da ya ga ina karanta rubutun da ke jikin bangon masallaci kamar ina karanta jarida, sai ya ce, "Malam Ilyasu, shekara tara muna zuwa hutu Sifaniya. Mun san kowane gado na bakin ruwa da sunansa, amma ba mu taɓa shiga gidan mutumin ƙasar ba. An ce can ma akwai irin rubutun nan a bango. Ka zo ka karanta mana." Matarsa ta ƙara da cewa suna tunanin kafa kamfanin da zai riƙa kai mutane cikin ƙasar, kuma za su buƙaci jagora. Na amsa da natsuwar manyan malamai, na dawo gida na yi tsalle har fankar sama ta taɓa hulata.

Kwana uku na farko a otal ɗin bakin teku muka yi su. Ɗana, na zagaya wurin nan ina neman Sifaniya ban gan ta ba. Masu hidima Turanci suke yi, jaridar Ingila ake sayarwa, da safe a ba ka wake mai zaƙi a kan burodi. Turawa sun kwanta jere a rana kamar an shanya kilishi, kowa ya yi jawur, kowa yana cewa ƙasar ta yi masa kyau.

A nan na yi kuskuren farko. Da rana ta yi, Mista Harold ya ce, "Malam, za ka ci abinci?" Ni kuwa, da yake an yi mini tarbiyya, na ce, "A'a, na ƙoshi." Ka san yadda abin yake a wurinmu: mai gida ya tambaya, ka ƙi, ya sake, ka ƙi, ya rantse, ka ce to don girmanka. Misirawa ma haka, har sukan kama hannun riga. Na gyara zama ina jiran tambaya ta biyu. Sai mutumin nan ya ce, "To madalla," ya jawo farantin kifi, ya cinye shi a gabana har ƙaya, yana yaba wa mai dafawa. Da yamma na sake gwada shi, ya sake gaskata ni. A rana ta uku na ji yana gaya wa matarsa, cikin girmamawa, cewa bai taɓa ganin mai gudun duniya irina ba. Gudun duniyar nan kuwa biskit ɗin jirgi yake ci a banɗaki.

Saboda haka ka riƙe wannan: Baturen Ingila in ya yi maka tayi, ka karɓa a karon farko, don babu na biyu. Ba rowa ba ce. Shi a wurinsa tilasta wa mutum cin abinci rashin kunya ne, kamar yadda karɓa da wuri yake rashin kunya a wurinmu. In kana jin yunwa ka faɗa. Ba a taɓa ba wa kowa lambar yabo a kan biskit ba.

Rana ta huɗu muka ɗauki hayar mota muka hau tsauni. Na tsara jadawali da jan biro: ƙarfe kaza ganuwa, ƙarfe kaza rijiya, ƙarfe kaza hasumiya. Tun a Alƙahira Turawa suka laƙaba mini Mista Yalla, saboda kalmar nan ta "mu tafi" ba ta barin bakina, kuma ina alfahari da sunan. Muka isa wani ƙauye fari fat, wanda gidajensa suka hau kan juna kamar suna leƙen kwari, wajen ƙarfe huɗu na yamma. Ba kowa. Kantuna a rufe, tagogi a rufe, wani kare kwance a ƙofar coci ko kunnensa bai ɗaga ba.

Na yi nazari irin na masana, na sanar da hukunci. Na ce, "Mista Harold, cire hularka. An yi babban rashi a garin nan."

Ya cire. Misis Margaret ta ce a hankali, "Malam, anya ba barci suke yi ba?"

Na ce, "Madam, gari guda ba ya barci da la'asar. Ni na karanta tarihi."

Da yake ba ya halatta baƙo ya ratsa garin da ake makoki bai yi gaisuwa ba, na zaɓi gidan da ya fi girma, na ƙwanƙwasa. Na sake ƙwanƙwasawa. Can sai ga wata mace gajeruwa, kakkaura, gashi a tsaye, shatin matashi a kumatu. Na dafa ƙirji, na yi mata ta'aziyya da Larabci mai kyau, na maimaita da Turanci, Mista Harold yana bayana da hula a hannu, kansa a sunkuye. Misis Margaret ta harhaɗa ɗan Sifaniyancin da take da shi ta bayyana mata abin da ya kawo mu. Matar ta dube ni daga hula har takalmi, sannan ta fashe da dariyar da ta buɗe tagogi huɗu a layin. Ita ce Donya Karmen. Ta ce babu wanda ya mutu, amma duk wanda ya sake tashinta a wannan lokaci, to za a samu gawa. Sai kuma ta ce gobe mu zo cin abincin rana, tana son mijinta ya ga mutumin da ya yi masa ta'aziyyar kansa.

Ka lura, ɗana. Mutanen nan sun raba yininsu biyu saboda zafi, sun bar tsakiyar ga abinci da hutu. Kada ka kai baƙinka ko'ina a wannan lokaci. Kuma in ka shiga gari ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambayi mace mafi kusa kafin ka yanke hukunci. A wannan karon tana cikin motarmu, ni ne ban saurara ba.

Washegari da safe na yi wani ƙaramin abu da ba na sa shi a lissafi, ko da yake Misis Margaret ta sa. Mun tsaya a bakin wata tsohuwar ƙofa mai ragowar rubutun Larabci, na fara jawabi a kan daular Musulmi ta Andalus, tashinta da faɗuwarta, har muryata tana rawa. Da na juyo don in ga tasirin maganata, sai na tarar Mista Harold ne kaɗai, yana gyaɗa kai don ladabi. Matarsa tana can ƙarshen layi, ta naɗe hannun riga, tana taya wasu mata shafa farar ƙasa a bango, suna ta hira ba mai jin yaren wani. Na je na kamo ta da "yalla". Na ɗauka bangon da aka rubuta shekaru aru-aru ya fi wanda ake shafawa yau. Ita kuwa na yau ta zo gani.

Yanzu ka gyara zama, don ga babban.

Ƙarfe biyu da rabi muka shiga gidan Donya Karmen. An shimfiɗa dogon tebur a tsakar gida, ƙarƙashin inuwar inabi. Ga mijinta, ga surukai, ga maƙwabta da suka zo ganin mai ta'aziyya. Matar nan, da ta ji cewa ni Musulmi ne, ta hana naman alade shiga tukunyarta ranar, abin da a garinsu ya yi daidai da a ce Bakano ya yi tuwo ba miya. Ta dafa waken hummus da alayyahu, ta soya ƙwai da dankalin Turawa, ta gasa kifi, ta yanka tumatir cikin man zaitun na gonarsu. Ba ta tambaye ni ko zan ci ba, ta dai cika faranti ta dangwara a gabana. Na ji ƙaunarta ta kama ni nan take.

Na ci kamar yadda aka koya mini a gidan mahaifina: na yi bismilla, na sunkuyar da kai, ban yi magana ba, ban kalli bakin kowa ba. Kafin su gama zuba wa juna ruwa, ni na share faranti. Na yi hamdala. A wurinmu, ka sani, baƙo in ya ƙoshi sai ya janye, ya wanke hannu, ya ba masu gida wuri. Zama a gaban kwano bayan an gama alama ce ta kwaɗayi. Don haka na miƙe tsaye, na yi godiya, na duba agogo. Jadawali ya ce hasumiya.

Kowa ya juyo ya dube ni. Donya Karmen ta ce wani abu, Misis Margaret ta fassara: "Tana tambaya ko abincin ne bai yi ba."

Na ce, "Ki gaya mata ya yi ƙwarai, shi ya sa na gama da wuri."

"Ta ce akwai kankana, akwai gahawa, kuma mijinta zai ba mu labarin yadda ake girbin zaitun."

Na ce, "Madam, zaitun yana nan kowace shekara. Hasumiya kuwa tana kan hanya. Yalla."

A nan tarbiyyar ƙasashe uku ta yi karo. Ni na tashi don kada in yi wa mai gida nauyi. Su Turawan sun tashi don Baturen Ingila ya gwammace ya sha guba da ya yi gardama a gaban mutane. Ita kuwa mai gidan ta tsaya da tiren kankana a hannu, tana kallon kujeru uku da ba kowa a kai. Ban san cewa a ƙasar nan abinci share fage ne kawai ba. Abin da ake gayyatar mutum dominsa shi ne zaman da ke biyo baya, lokacin da aka ture faranti gefe, aka bar ɓawon burodi a kan tebur, aka yi awa biyu ana hira da musu da tsokana. Wanda aka bari ya zauna a wannan lokaci ya zama na gida. Wanda ya tashi ya ce da su, ba tare da ya buɗe baki ba, cewa gidansu kantin abinci ne.

Mun ga hasumiyar. Ƙofarta a kulle take, awaki sun yi kashi a gindinta. Na yi jawabi duk da haka.

A hanyar dawowa Misis Margaret ta yi ta kallon waje har muka kusa sauka daga tsaunin. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Malam Ilyasu, shekara tara muna jira wani a ƙasar nan ya ce mana mu zauna."

Bayan na dawo Alƙahira na sami wasiƙa daga Mista Harold, shafi biyu na godiya da yabon ilimina, babu kalma ɗaya a kan kamfani. Na yi wata guda ina nuna wa abokai ita kafin na gane cewa takardar sallama ce. Su kuwa sun koma ƙauyen su kaɗai, sun nemi gafara, sun zauna. Suna nan zaune har suka sayi gida a layin.

Da Misis Margaret ta bugo waya watan jiya a kan maganarka, na fara jero mata harsunanka da takardun shaidarka. Ta katse ni. Ta ce, "Malam, duk na gani. Abu ɗaya nake son sani. Ya iya zama?" Ta kuma shaida mini cewa Donya Karmen tana raye, ta tsufa, 'yarta ce ke girki yanzu, amma tsohuwar ce ke shugabantar tebur, kuma a gidanta ake kai kowane rukunin baƙi cin abincin ranar farko. Har yau, in ji ta, in wani ya duba agogo a teburin, sai tsohuwar ta tambaye shi ko shi ma yana da hasumiya.

Na ce da Misis Margaret ka iya zama. Allah Ya gafarta mini, ban tabbata ba. Na gan ka a gaban mai keken ful, dafaffen waken nan, da safe, kana ci a tsaye, ƙafa ɗaya a kan titi tana jiran bas. Na tambayi mahaifiyarka ra'ayinta, ta ce, "Ai jininka ne. Shekara nawa ina wuni a kicin, ku biyu ku shanye mini wahalata kafin in ajiye ludayi, in juyo in tarar da tabarma. Da ni Baturiya ce da tuni na kore ku."

Saboda uba ba ya umarni da abin da bai gwada ba, ranar Talata na yi gwaji. Ka san Ammu Sayyid mai guga na ƙasan benenmu. Shekara ashirin kullum na wuce sai ya ce in zo in sha shayi, kullum in dafa ƙirji in wuce. Ranar na ce to. Mutumin ya firgita har ya kusa ƙona rigar wani. Ya jawo mini kujera, ya aika aka kawo shayi, na shanye, ƙafafuna suka fara roƙona, na danne su. Ya ce, "Ya Shehu, lafiya? Ko an kore ka daga sama ne?" Na ce zama nake koyo. Ya ce, "Tamam, ka zo wurin gwani." A cikin awa ɗaya na san sunan ƙauyensu, da dalilin da ya sa ba ya magana da wansa, da yadda ake gane rigar mai aure da ta gwauro. Na kuma gano cewa gurnanin nan da nake ji a saman rufinmu, wanda na yi shekaru ina tofa masa addu'a, tattabarunsa ne, yana kiwonsu a can tun kafin ka shiga makaranta. Ashe ni ma a otal nake zaune a Alƙahira, sai dai nawa ba shi da teku.

To ga wasiyyata. Ka kiyaye sallarka, ka tambayi abin da ke cikin tukunya ba tare da ka ɓata fuska ba, ka riƙa kiran mahaifiyarka ranar Juma'a. In ka kai baƙinka gidan Donya Karmen, ka cire agogonka ka sa a aljihu. Ka ci a hankali. In ka gama, ka ɗora hannu a kan tebur ka zauna. Turawanka za su fara motsi, su dube ka, don su ma ba su saba ba. Kai za su bi, in ka zauna za su zauna. Ka fassara abin da aka ce, kada ka ƙara tarihi. Kada ka tashi sai tsohuwar ta tashi. In ta tambaye ka ko kai ɗan mai ta'aziyya ne, kada ka musa. Ka ce mahaifinka yana gaishe ta, kuma ya aiko ka ka sha masa kankanarsa.

Jirginka jibi ne. Na gaya wa mahaifiyarka gobe ta yi mana dambu da rana, ta zuba mana a tire ɗaya, ita ma ta ajiye ludayi ta zo. Na san ba mu taɓa yin haka ba, kuma na san za ka rasa inda za ka sa idonka, ni ma haka. Ka ɗauke shi a matsayin horon aiki. In mun gama, kada ka tashi. Ni ma ba zan tashi ba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya kai ka lafiya, Ya ba ka sa'ar mutanen da za ka tarar, Ya dawo mana da kai cikin aminci a lokacin da Ya ga dama. Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Malam Ilyasu, wanda aka fi sani a da da Mista Yalla.